Kaset Arba'in da Ɗaya na Haulatu

Ranar wata Talata cikin watan Rajab, shekara guda bayan an ƙaddamar da Shari'a a Jihar Katsina, maza huɗu suka tsaya a zauren Maliki mai fataucin awaki a Daura, suka sa shi ya shiga gidansa da ƙafarsa ya kwaso musu rikodar matarsa Haulatu da kaset arba'in da ɗaya. Suka zuba a buhun taki, suka ɗaure bakin buhun da igiyar rama, suka tafi. Ko ɗaya ba su saurara ba. Yau shekara takwas ke nan, ko murfin kaset ba su dawo da shi ba.

Babu alƙalin da ya aiko su, babu hukumar da ta naɗa su. Su ne suka taru a kan benci a bakin wani shago, suka raɗa wa kansu suna Kwamitin Gyaran Tarbiyya na unguwa, suka ba Malam Hafizu shugabanci don ya fi su ƙarfin murya. Abin haushin, Haulatun da suka yi wa haka tana cikin matan da suka yi ta guɗa har muryarsu ta dushe ranar da aka ce Shari'a ta zo. Ta ɗauka lokaci ya yi da ba za a ƙara hukunta mutum ba sai an ji ta bakinsa. Sai ga shi ita ce ta farko a unguwar da aka hukunta ba tare da an ji ba.

Haulatu 'yar Daura ce, amma uwarta mutuniyar Mashi ce, kuma a wurinta ta tsinci waƙa tun tana tsugune gefen dutsen niƙa. Rikodar ma ba don ita aka saya ba. Maliki ne ya sayo ta a kasuwar Mai'aduwa wurin wani ɗan Nijar, don ya riƙa jin tafsiri da azumi. Ya ja mata kunne kada ta taɓa jan madannin nan na gefe, don shi kansa bai san aikinsa ba. Kwana biyu da tafiyarsa fatauci ta danna shi. Da ya dawo ya kunna, sai ya ji malamin ya kai tsakiyar bayani ya yi ɗif, muryar matarsa ta taso tana lallashin jaririyar maƙwabta. Ya saurara har ƙarshe, ya mayar baya, ya sake saurara. Da kasuwa ta zagayo, ta tarar da sababbin kaset uku da batir a cikin ƙwaryar awonta.

Wurin ɗauka ma sai da ta sha wahalar nemansa. Ta gwada tsakar gida, kaji suka shiga waƙar. Ta gwada ɗakinta, kwanukan jerenta suka riƙa amsa mata kuwwa. Ƙarshe ta tare a ɗakin ajiyar hatsi, tsakanin buhunan gero, inda sauti ke faɗawa ya kwanta bai dawo ba. Lokacinta bayan azahar ne, sa'ad da awaki suka kwanta, kafin mai injin niƙa na bayan gida ya tayar da injinsa. Kayan kiɗanta duka ƙwarya ɗaya ce a kife cikin ruwan daro, sai tafin hannunta. Ta yi waƙar raino, ta yi ta wankan jego, ta yi ta surfe, ta yi wata da ta jera alamomin ƙyanda ɗaya bayan ɗaya don uwa ta gane da wuri ta ruga asibiti. Shaiɗancin da aka zuba a buhun taki ke nan.

Amma abin da ya sa matan Daura ba su manta da ita ba shi ne yadda take aikinta. Haulatu ba ta yarda da kunnenta ita kaɗai. Gefe ɗaya na kaset take cikawa da waƙa, ɗaya gefen ta bar shi babu komai. Sai ta ba ƙawarta Hadijatu mai kitso, wadda ke shiga gida-gida, ta haɗa mata da rikodar. Kitso aiki ne mai cin lokaci. Ana tsaga kai waƙa na tashi, matan gida sun kewaye tabarma. In ta ƙare, Hadijatu ta juya kaset, ta danna jan madanni, ta miƙa wa duk mai magana. Kowace ta faɗi abin da ta ji, daɗi ko akasinsa. Bayan mako kaset ya dawo, Haulatu ta shiga tsakanin buhuna ta saurari hukunci. In an sami aibu ta gyara, ta sake ɗauka a kan na farko, ta sake aikawa. Akwai wani ɗan haƙori a bayan kaset, wanda in an ɓalle shi ba a ƙara iya ɗaukar komai a wannan gefen. Ranar da waƙa ta zagaya ta dawo babu mai ƙorafi, ranar take ɓalle haƙorin. Waƙar ta nuna ke nan. Duka arba'in da ɗayan nan haƙoransu a ɓalle suke.

A cikin masu hukuncin babu wadda take tsoro kamar Iya Barakatu, tsohuwar ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwar. Iya ba ta san sannu ba a kan waƙa. Ita ce ta taɓa cewa wata waƙar Haulatu ta yi ruwa kamar kunun marowaciya. Kuma duk kaset ɗin da ya je hannunta, sai ta rufe maganarta da ƙorafi guda: a cire zoben nan. Haulatu na da zoben azurfa da Maliki ya kawo mata, kuma duk sa'ad da tafinta ya sauka a kan ƙwarya sai zoben ya ce ƙas. Iya ta tsani wannan ƙas ɗin. Haulatu ta gyara duk abin da Iya ta ce ta gyara, ban da zobe, shi kaɗai ne ƙorafin da ba ya hana ta ɓalle haƙori.

Yawon rikodar nan ne ya tsone wa kwamiti ido. Wai ana kai kiɗa gidajen matan aure. Maliki ya roƙe su a zaure su zauna su ji ko guda ɗaya, ga tabarma, ga batir sabo. Malam Hafizu ya ce kunnensa ya fi ƙarfin wannan. Maliki mutum ne mai gudun fitina, ya shiga ya kwaso. Haulatu na tsaye bakin ɗakin ajiya ya wuce ta da kayan a rungume, bai iya kallon idonta ba. Sau uku ya koma wurinsu, sau uku suka ce ana kan bincike. Binciken me, tunda ba a kunna ba? Ya yi mata alkawarin wata rikodar, ta ce ya bari. Ba ƙarfen ne ya dame ta ba. An faɗa a bainar jama'a cewa abin da take yi ɓarna ce, kuma babu namijin da ya tashi ya ce ƙarya ne.

Bayan shekara uku motar awaki ta kife da Maliki a hanyar dawowa daga Mai'aduwa. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma. Ba ta gama warwarewa ba maƙoƙo ya fito mata a wuya, ya yi ta girma har numfashi ya fara gagararta. Aka kai ta Kano aka yi mata aiki. Likitan bai ɓoye mata ba, ya ce za ta rayu amma murya ba lallai ta dawo yadda take ba. Ba ta dawo ba kuwa. Siririyar muryar nan da ke hawa sama kamar zare ta tafi. Wadda ta zo a madadinta mai kauri ce, mai ƙaiƙayi, kuma numfashinta gajere. Ran da ta fara gwada rera wani abu tana wanke-wanke, ta ji kamar wani dattijo mai tallan gawayi ne ya shigo gidan. Ta rufe bakinta. Shekara biyu ko guɗar suna ba ta yi ba.

Hadijatu ce ta ƙi haƙura. Wata rana da hantsi ta shigo da ƙunshi a ka, ta dire a gaban Haulatu. Tsohuwar rikoda ce, murfinta ɗaure da roba. Ta ce a wani gida ta gan ta a ƙarƙashin gado, sun koma kallon bidiyo sun watsar da ita, ta roƙa aka ba ta.

Haulatu ta dube ta, ta ce, "Da wace muryar?"

"Da wadda kika yi mini faɗa da ita jiya," in ji Hadijatu. "Ai har waje ana jin ki."

Rikodar ta yi wata guda a kan buhun gero ba a taɓa ta ba. Abin da ya tayar da ita ƙaramin abu ne. Haulatu ta zo awon tsabar tuwo, ta duba ƙwarya ta ga ta sake auno ta mutum biyu. Shekara huɗu da mutuwar Maliki, hannun bai daina ba. Ta tsaya da ƙwaryar a hannu, sai ta ji baiti ya zo mata da kansa. Da azahar ta yi, ta ɗebo ruwa a daro, ta kifa ƙwarya, ta jawo ƙofar ɗakin ajiya.

Waƙar takaba ta yi, abin da ba ta taɓa jin wata ta yi wa waƙa ba. Amshinta kuwa:

Hannuna bai je jana'iza ba,
kullum sai ya auno na mutum biyu.

Kwana shida tana ɗauka tana gogewa. Numfashi ba ya kai ta ƙarshen dogon layi, dole ta kakkarya layukan, ta bar ƙwarya ta cike gurbin. Da ta gama ta saurara, ta kasa gane ko abin kirki ne ko abin kunya. Abin da take son sani ke nan, kuma shi kaɗai: ita har yanzu mawaƙiya ce, ko kuwa wata marar lafiya ce da ke gurnani a ɗakin hatsi? In na biyun ne, ta ƙudura za ta mayar wa Hadijatu ƙarfenta ta rufe bakinta har kabari. Ta bar ɗaya gefen babu komai kamar da, ta aika gidaje biyar na unguwa. Iya Barakatu ba ta cikinsu, don idonta ya mutu, 'yarta ta ɗauke ta zuwa Zango.

Kwana huɗu kaset ya dawo. Ta shiga, ta juya, ta kunna. Ta farko ta yi sallama ta fashe da kuka. Ta biyu ta ce Allah ya jiƙan Maliki, Allah ya ƙara sauƙi. Ta uku ta ce sannu da ƙoƙari, ai ko yunƙurin ma abin godiya ne. Haka har mace goma sha ɗaya. Addu'a, sannu, addu'a, sannu. Babu wadda ta ce amshin ya yi, babu wadda ta ce bai yi ba. Matan da a da suke iya yin rabin sa'a suna gardama a kan kalma guda, yau sun zo mata dubiya a kaset.

Ba mugunta suka yi ba, kowa ya san haka. A garin nan ba a duban bazawara mai tabon wuƙa a wuya a ce mata waƙarki ba ta yi ba. Kunya ba za ta bari ba. Amma Haulatu ta ji zafin sannun nan fiye da zafin buhun taki. Kwamiti dai ƙwace suka yi, ba su raina aikin ba tunda ba su ji shi ba. Waɗannan sun ji, suka shafa mata kai.

Da Hadijatu ta zo, ta tarar da ita ta riga ta ɗauki waƙar a sabon kaset, babu sallamar da ta saba buɗewa da ita, babu suna. Ta ce wannan karon ba unguwa za a kai ba. A kai can ƙetaren gari, gidajen da suka san tsofaffin waƙoƙinta amma ba su taɓa jin sabuwar muryarta ba, sannan a wuce da shi Zango. Kada a ce nata ne.

Hadijatu ta ce ita fa ba ta ƙarya da girmanta, in an tambaye ta ta wa ce me za ta ce?

"Ki ce wata 'yar mutanen Mashi ce."

"Haulatu, ki ji tsoron Allah."

"Uwata 'yar ina ce?"

Hadijatu ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta cusa kaset a jakar kitso.

Mako ya wuce, babu Hadijatu da kaset. Mako biyu. In ta leƙo sai ta ce wani gida sun riƙe, sun ce sai surukarsu ta dawo daga ƙauye ta ji. Haulatu ta ɗauka lallashi ne irin na ƙawa. Sai rana ta goma sha bakwai Hadijatu ta sauko daga motar Zango, ta shigo da ƙura a ƙafa, ta miƙa mata, ta ce ita ba za ta ce komai ba, ta zauna a bakin ƙofa ta hau tsifar kanta.

Muryar farko ta wata matashiya ce, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta ce ita da farko ta ɗauka namiji ne, ta kusa cewa a kashe. Haulatu ta ji abin ya soke ta, amma sai ta tsinci kanta tana murmushi. An dawo aiki. Ta biyu ta ce wa ya faɗa wa waccan cewa waƙar mutuwa da siririyar murya ake yin ta? Ta uku ta ce kiɗan ya yi sauri a farko, 'yar Mashin ta rage hannu. Wata ta ce baƙuwar nan satar salon Haulatu ta yi, wata ta katse ta ta ce Haulatu ba ta taɓa yin waƙar da ta hana ta cin abinci ba, wannan kuwa ta hana ta. Aka ji su suna cacar baki, rikoda na ɗauka, har wata ta ce a miƙo mata nan. Wannan dattijuwa ce. Ta ce shekararta tara da rasa mijinta, kuma ta ɗauka ita kaɗai ce mahaukaciyar da ke auna tsabar mutum biyu, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ta ce a gaya wa mai waƙar ta kwafa mata.

Sai aka ji ƙarar mota, aka ji shiru, aka ji wani tari da Haulatu za ta gane ko a cikin kasuwa.

"An danna? To. Ke Haule. Ni za ki aiko wa 'yar mutanen Mashi? Idona ne ya mutu, kunnena na nan. Shekara goma ina cewa ki cire zoben nan kin ƙi, ga shi yau ya tona miki asiri tun bugun farko."

Haulatu ta dubi hannunta. Ta canza kaset, ta cire sallama, ta ɓoye suna, ta manta da zobe.

Iya ta ci gaba, ba ta ce Allah ya jiƙan kowa ba, ba ta tambayi wuya ba. Ta ce muryar da can ta yarinya ce, kyakkyawa, amma ba ta da nauyin ɗaukar irin wannan kaya. Wannan ta yanzu ita ce ta mace. Ta ce kakkarya layin da aka yi ya yi daidai, a bar shi haka. Sannan ta zo kan aibu.

"Baiti na uku ki yanke shi. Wanda kike cewa jama'a ku dube ni ku tausaya. Ke da kika ɓoye sunanki don kada a tausaya miki, me ya kai ki bara a tsakiyar waƙa? Ki faɗi abin da hannu ya yi ki yi shiru, mu za mu san inda za mu sa hawayenmu. Ki gyara ki aiko da sunanki. Kashe abin nan, Hadijatu, batir na ci."

Haulatu ta fito daga ɗakin ajiya da ƙaiƙayin gero a zane, tana dariya hawaye na zuba. Hadijatu ta tambaye ta ko an zage ta da kyau. Ta ce rabonta da zagi mai daɗin wannan tun Maliki na da rai.

Washegari bayan azahar ta yanke baiti na uku. Ta rage saurin hannu a farko, kamar yadda matar ƙetaren gari ta ce. Ta buɗe da sallama da cikakken sunanta, Haulatu matar marigayi Maliki. Zobe kuwa yana nan inda yake. Ta ce wa Hadijatu a fara da gidajen unguwa biyar ɗin nan, kuma kafin a juya kaset a gaya musu duk wadda ta ce sannu ba za a ƙara kawo mata ba. A ƙare da Zango.

Wannan zagayen ya ɗauki wata guda cur, don labari ya riga ya bazu. Gidajen da ba su taɓa kiran Hadijatu kitso ba suka fara aiko mata. Matan unguwa, da suka ji yadda na ƙetare suka yi, kunya ta sake kama su ta wata fuskar, suka buɗe baki suka yi magana kamar da. Wata har ta nemi gafara, ta ce tun karon farko ta ji baitin baran nan bai yi mata ba, ta haɗiye.

Da kaset ya dawo, Haulatu ba ta kai ga kunnawa ba. Ta karɓa, yatsanta ya shafi bayansa, ta ji rami. Haƙorin gefen waƙar babu shi. Hadijatu ta ce Iya Barakatu ce. Wai Iya ta saurara sau biyu, ta ce a ba ta tsinken kitso, ta lalubo da yatsa, ta ɓalle da hannunta. Tsohuwar da a kaset arba'in da ɗaya ba ta taɓa rufe baki ba tare da ƙorafi ba. Hadijatu ta ce ta tambaye ta zancen zobe, Iya ta ce a bar shi, yanzu ta gane wanda ya kawo zoben ne ke amsa mata amshi.

Daga ranar zuwa yau Haulatu ta ɓalle haƙora bakwai. Ana kwafar waƙar takaba daga gida zuwa gida, ta kai Zango, ta kai Mashin da aka laƙaba mata, har an ce wata ta tsallaka da ita Nijar. In mace ta fita takaba a unguwar, ita ake kunna mata. Haulatu ta koma zuwa suna, kuma in ta yi guɗa da muryar nan mai kauri babu mai yi mata sannu. Tana nan tana kifa ƙwaryarta bayan azahar, ƙofar ɗakin ajiya a buɗe, wanda zai ji ya ji.

Saura magana ɗaya, kuma tana ɗaya gefen kaset ɗin nan mai ɓallallen haƙori, kusa da ƙarshe. Wata mata ce ta karɓi rikoda ta yi ƙasa da murya. Firdausi ce, matar Malam Hafizu. Ta ce Yaya Haulatu, waƙa ta yi, ba ta da abin gyarawa. Ta ce da waƙar ƙyandar nan ta gane ciwon ɗanta na fari ta kai shi asibiti, tun kafin a zo a kwashe. Sannan ta ce buhun yana nan. Yana ɗakin shirgin Malam, a bayan tsohon keke, ɗaurin igiyar ramar ma ba a taɓa kwance shi ba. Ta ce ita ba ta da ikon fito da shi, amma ba za ta iya ci gaba da share gefensa tana shiru ba. Ta ce kuma ba ta ɓoye sunanta, a faɗa.

To, an faɗa. Malam Hafizu, da kai da mutum ukun da suka raka ka zauren Maliki, kun san kanku, unguwa ma ta san ku. Kwamitinku ya watse tuntuni, benci ma an sayar, amma buhu na nan. A cikinsa akwai muryar da wuƙar likita ta tafi da ita, babu inda ta rage a duniya sai nan. Akwai muryoyin mata fiye da ɗari, wasu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu na son su ji su. Akwai kaset guda da Maliki ya buɗe ƙofa ana cikin ɗauka ya ce a yi haƙuri, bai san an fara ba. Matarsa na son wannan.

Kun ce bincike kuke yi. Ku kwance igiyar ku yi shi. Haulatu ta ce za ta ba da aron rikoda, Hadijatu za ta kawo har zaure, batir ma ba sai kun saya ba. Ku zauna ku ji arba'in da ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, yadda matanku da iyayenku suka zauna suka ji. Za a haɗo muku da sabon kaset babu komai a kansa. In kun ji ɓarna, ku danna jan madanni ku faɗi sunan waƙar da baitin, da muryarku, kowa ya ji, kamar yadda kowace mace a garin nan ta yi ba ta ji tsoro ba. In ba ku ji ba, ku ɗauko buhun da hannunku, da rana tsaka, ta hanyar da kuka bi kuka tafi da shi, ku dire shi a zauren da kuka ɗauke shi. Kafin Rajab ɗin bana ya fita.